Dashen Ƙwayoyin Insulin a Jiki: Me Mai Ciwon Sukari Zai Zaɓa?

Idan kana yi wa kanka allurar insulin safe da yamma, ko kina yi wa ɗanki, wataƙila labari ya iso muku ta rediyo ko ta wayar hannu cewa a ƙasashen waje an gano wani abu da ake dasa wa mutum a jiki, ya rabu da allura. Labarin yana da tushe, amma an yi masa ƙari a hanya. Wannan ɗan littafi zai bayyana maka abin da ake dasawa, inda aikin ya kai, da abin da mutum yake biya da jikinsa kafin ya sami sauƙin. Za ka kuma ga tambayoyin da masu bincike suke yi wa majinyata a can, domin ka auna su da irin zaman da kake yi a nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Daga ina insulin yake fitowa?

Duk abin da ka ci, tuwo ne ko fura ko shinkafa, jiki yana mai da mafi yawansa sukari, ya shiga jini. Sukarin nan shi ne abincin tsoka da ƙwaƙwalwa. Amma ba ya shiga tsoka shi kaɗai, sai insulin ya buɗe masa ƙofa. In babu insulin, sukari yana taruwa cikin jini, jiki kuwa yana ramewa da yunwa.

A cikin cikinka, bayan tumbi, akwai wata gaɓa mai tsawon kamar santimita 15, likitoci suna kiranta pankiriyas. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta da suka taru dunƙule-dunƙule, kamar tsibirai a tsakiyar kogi. Wani ɗalibin likita a Jamus, mai suna Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a shekara ta 1869. Mutum mai lafiya yana da tsibiran nan kusan miliyan ɗaya, kowanne bai wuce ƙwayar rairayi mai laushi ba. Aikinsu biyu ne: su auna sukarin da ke cikin jini dare da rana, su kuma zuba insulin daidai da bukata. Ka ci da yawa, su ƙara. Ka kwana da yunwa, su rage.

An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a farkon 1922. Tun daga nan allura ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Sai dai allura ba ta da ido. Abin da ka zuba shi ke nan, ko ka sami abinci ko ba ka samu ba, ko ka wuni a gona ko ka wuni a kwance. Shi ya sa likitoci suka daɗe suna tunanin a mayar wa mutum tsibiran kansu.

Wannan magana ta shafi wane irin ciwon sukari?

Manyan nau'o'in ciwon sukari biyu ne. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki, wato sojojin da ke yaƙar cuta, su ne suke kuskure su kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba zai rayu ba sai da allura kullum. A nau'i na biyu, ƙwayoyin suna nan, amma jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, daga baya su ma su gaji. Ya fi kama manya. Cikin masu ciwon sukari goma, tara ko fiye nau'i na biyu gare su.

Dashen da muke magana a kai, domin masu nau'i na ɗaya ake yinsa. Idan naka na biyu ne, maganinka yana nan inda ka san shi: kula da abinci, motsa jiki, shan ƙwayoyin da aka rubuta maka, da allura in likita ya ga ya dace. Idan ba ka san irin naka ba, ka tambaya ranar da za ka zo awo.

Dashen farko da abin da ya biyo baya

Manomin albasa ya san dashe. Ana cire iri daga wurin da aka raine shi, a kai shi fage. Kafin ya kama sai ya sami ruwa, sai kuma an tsare shi daga awaki. Dashen tsibirai ma da waɗannan matsaloli biyu yake fama.

A shekara ta 2000, likitocin birnin Edmonton a Kanada, ƙarƙashin Dokta James Shapiro, sun ba da labarin majinyata bakwai. Sun tace tsibirai daga pankiriyas ɗin mutanen da suka rasu, suka ɗura su ta wata babbar jijiyar jini da ke shiga hanta. Tsibiran suka zauna cikin hanta suka kama aiki, duka mutum bakwai suka daina allura. Abin da ake ɗurawa bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, amma a cikinsa akwai tsibirai sama da 10,000 ga kowane kilo na nauyin majinyaci. Mai kilo 60 yana bukatar wajen 600,000. Sau da yawa sai an haɗa na mamaci biyu ko uku kafin su isa mutum ɗaya.

Da aka bi sawun waɗanda aka yi wa irin wannan dashe har shekara biyar, sai aka tarar kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai bai koma ga allura ba. Sauran da yawa tsibiransu suna ɗan aiki, sukarinsu ya daina faɗuwa ba zato, amma allura ta dawo. Daga baya aikin ya ƙara kyau. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe da sunan Lantidra. Cikin mutum 30 da aka gwada a kansu, 21 sun yi shekara ɗaya ko fiye babu allura, 10 daga cikinsu sun wuce shekara biyar, 5 kuwa ba su rabu da ita ko kwana ɗaya ba.

Ga inda awaki suke shigowa. Sojojin jiki suna ganin tsibiran wani a matsayin baƙi, su far musu. Don haka wanda aka yi wa dashe dole ya sha maganin danne garkuwar jiki kullum, muddin yana son tsibiran su rayu. Maganin nan yana da nauyi. Yana sa cututtuka su kama mutum da sauƙi, yana iya taɓa ƙoda, yana ƙara haɗarin wasu nau'o'in ciwon daji, kuma sai ana ɗibar jini a kai a kai domin a ga yawansa a jiki. Saboda haka ko a ƙasashen da ake yin dashen, ba kowa ake yi wa ba. Ana zaɓen manya waɗanda sukarinsu ke faɗuwa su suma ba tare da sun ji alama ba, ko waɗanda aka riga aka dasa musu ƙoda suna shan maganin dama.

Ƙwayoyin da ake rainowa a ɗakin bincike

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin iri, domin tsibiran mamata ba za su taɓa isar masu bukata ba. Yanzu masana sun koyi yadda za su ɗauki ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zama hanta ko fata ko jini ba, su raine su a ɗakin bincike har su zama masu yin insulin. A 2025 kamfanin Vertex na Amurka ya ba da sakamakon gwajinsa: cikin mutum 12 da aka ɗura wa cikakken adadi ta hanta, 10 ba sa allura bayan shekara guda. Wannan ci gaba ne babba. Amma su ma duka suna shan maganin danne garkuwa, kuma mutum ɗaya cikin waɗanda suka shiga gwajin ya rasu da wani irin sanƙarau da ke kama masu raunin garkuwa.

Dabarar ƴar jaka

Daga nan tunanin shinge ya fito. Me zai hana a zuba ƙwayoyin cikin wata ƴar jaka mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, a binne ta ƙarƙashin fata? Sukari da iska su shiga, insulin ya fito, sojojin jiki kuwa ƙofofin su yi musu ƙanƙanta. In haka ta samu, babu bukatar maganin danne garkuwa. Jaka tana da wani amfani kuma: in wani abu ya ɓaci, ana iya yanka fata a cire ta gaba ɗaya. Abin da aka ɗura cikin hanta ba ya ciruwa.

Tun 1980 aka nuna dabarar tana aiki a jikin ɓeraye. A jikin mutum ta yi wuya, saboda dalilai biyu. Na farko, ƙwayoyin insulin suna da cin iskar oksijin sosai, kuma jini ne yake kawo ta. Iskar ba ta ratsa nama fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga jijiyar jini. Shingen da ya tare sojoji ya tare jijiyoyi, sai ƙwayoyin da ke tsakiyar jaka su shaƙe. Na biyu, jiki yana naɗe duk wani baƙon abu da tauri, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta karye cikin ƙafa. Taurin nan yana toshe ƙofofin.

Ga abin da aka gwada a jikin mutane:

Kamfanin ViaCyte na Amurka ya fara gwaji a 2014 da wata siririyar jaka rufaffiya da ba ta kai katin ɗan ƙasa girma ba. Tauri ya naɗe ta, yawancin ƙwayoyin suka mutu. Sai suka huda mata ƙofofi domin jijiyoyi su shiga. Ƙwayoyin sun fi rayuwa, wasu majinyata suka fara yin ɗan insulin, amma babu wanda ya daina allura, kuma da jaka ta buɗe sai maganin danne garkuwa ya dawo.

A birnin Upsala na Suwidin an saka wa mutum huɗu wata na'ura mai faɗin kusan santimita 7 da kaurin kusan santimita 2, mai ɗakin ajiye iska a ciki. Kowace rana sai majinyaci ya soka allura ta fata ya cika ta da oksijin. Ƙwayoyin sun rayu watanni, amma insulin ɗin da ya fito kaɗan ne ƙwarai. An cire na'urorin bayan wata uku zuwa shida.

Kamfanin Sernova na Kanada yana fara saka jaka babu kome ciki a bangon ciki, a jira makonni jijiyoyi su tsiro, sannan a sake buɗewa a zuba tsibirai. Wasu majinyata sun daina allura bayan an ƙara musu wasu tsibiran ta hanta. Su ma suna shan maganin danne garkuwa.

Kamfanin Vertex ya gwada tasa jakar rufaffiya. A watan Maris na 2025 ya tsai da aikin. Jakar ba ta cutar da kowa ba, amma insulin ɗin bai kai yadda zai amfani majinyaci ba.

Wasu kuma sun bar maganar jaka, suna gyara ƙwayoyin kansu yadda sojojin jiki ba za su gane su ba. A ƙarshen 2024, a Upsala, an dasa wa wani mutum irin waɗannan a tsokar hannu, ba a ba shi maganin danne garkuwa ba, ƙwayoyin kuma suka rayu suna aiki. Kaɗan aka sa masa domin gwaji, saboda haka bai daina allura ba.

A taƙaice, har zuwa 2025 babu jaka rufaffiya da ta raba mutum da allura. Waɗanda suka rabu da allura, magani mai nauyi suke sha a madadinta.

Me ya sa ake tambayar majinyaci?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu ƙera magani sun koyi wannan da hasara. A 2006 aka fito da wani insulin da ake shaƙa ta baki, mai suna Exubera. Masu shi sun ɗauka kowa zai gudu daga allura ya zo gare shi. Amma abin shaƙar ya yi girman babbar tocila, ga wuyar auna adadi, ga gwajin huhu da ake bukata. Mutane suka ƙi shi, aka janye shi daga kasuwa a 2007. Maganin yana aiki, masu ciwon ne ba su ga ya dace da rayuwarsu ba.

A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar yadda za a riƙa tattara ra'ayin majinyata a duba shi kafin a amince da na'urar lafiya. Masu bincike a Kalifoniya sun tambayi ɗaruruwan masu nau'i na ɗaya da iyayen yara game da girman jakar, siffarta, yawanta da wurin da za a sa ta. Abin da za a binne a jikin mutum shekara da shekaru, mai jikin yana da ta cewa. Ga manyan tambayoyin. Ka karanta kowace, ka ba kanka amsa.

Tambaya ta 1: Za ka yarda ka musanya allura da maganin danne garkuwa?

Wannan ita ce mafi nauyi. Ga wanda yake suma sau da yawa, wanda iyalinsa ba sa barci don tsoron kada ya wuce cikin dare, musayar tana iya zama riba. Ga wanda sukarinsa yake zaune da allura biyu ko uku a rana, hasara ce. A wurinmu kuma ma'aunin ya ƙara karkata. Tarin fuka yana tsakaninmu, sanƙarau yana zuwa da rani, zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da damina, ruwan sha ba ko'ina yake da tsabta ba. Raunana garkuwar mutum a irin wannan wuri ya fi haɗari. Sannan maganin ba ya son yankewa. In ya ƙare a kanti, ko kuɗi suka yanke na ƴan makonni, jiki zai kashe dashen, wahalar duka ta tafi a banza.

Tambaya ta 2: Sauƙi nawa ne zai ishe ka?

Wani ba zai yarda a yanka shi ba sai in zai rabu da allura kwata-kwata. Wani kuwa in allura huɗu ta koma ɗaya, suma ta daina, ya gode. Ka tuna ko ɗan insulin kaɗan da jiki ya yi da kansa yana rage faɗuwar sukari. Uwar da ke tashi tsakar dare tana taɓa goshin ɗanta ta ji ko yana gumi, ita ta san darajar wannan.

Tambaya ta 3: Babba guda ɗaya ko ƙanana da yawa?

Tunda ƙwayoyin suna bukatar iska, ba a cusa su wuri ɗaya, sai an shimfiɗa su. Ƙwayoyi da yawa suna bukatar fili mai faɗi. Ko dai a yi jaka ɗaya babba da yanka ɗaya mai tsawo, ko a yi ƙanana da yawa da yanka a wurare da dama. Babba tana iya tokare ka in ka sunkuya. Ƙanana sun fi sauƙin ɗauka, amma tabo ya fi yawa, kuma kowane yanka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Tambaya ta 4: A wane wuri a jiki?

Ƙarƙashin fata ya fi sauƙin sawa da cirewa, amma jini bai yawaita a wurin ba, kuma ana iya ganin tudun abin. Can cikin ciki jini ya fi yawa, ba a ganin kome, amma sai an sa mutum barci an yi babbar tiyata. Aikinka ma yana da magana a nan. Mai noma da hauya yana wuni a sunkuye. Mai goyo tana ɗaure zane a ƙirji da ciki. Mai daka da mai jan ruwa a rijiya da damtse suke aiki. Budurwa da saurayi kuma suna iya damuwa da tabon da za a gani a tambaye su.

Tambaya ta 5: Shekara nawa za ta yi, wa zai cire ta?

Mata da yawa sun san ƴar robar tazarar haihuwa mai kama da tsinken ashana da ake sawa a damtse, wata ta shekara uku, wata ta shekara biyar. Sun kuma san cewa sawa ta fi cirewa sauƙi in ma'aikacin da ya iya aikin yana nesa. Jakar ƙwayoyi ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba. In za a canja ta kowace shekara, tiyata ce kowace shekara, da kuɗin mota, da barin gona, da mai jinya. Ga wanda ke kusa da babban asibiti, abu ne mai yiwuwa. Ga wanda hanyarsu ke yankewa da damina, jakar da ta fi daɗewa ta fi, ko da aikinta bai kai na ɗayar ba. Akwai kuma tambayar da za ka riƙe: in ta daina aiki ba zato, yaya zan sani, kuma akwai insulin kusa da ni?

Tambaya ta 6: Daga ina aka samo ƙwayoyin?

Wasu daga jikin mamaci ne wanda shi ko danginsa suka ba da izini. Wasu an raino su daga ƙwayoyin ɗan tayi na kwanakin farko. Wasu daga jikin baligi aka ɗauka aka juya su. An kuma gwada na alade a ƙasashen Niyu Zilan da Ajantina. Musulmi da Kirista duka suna da abin da zuciyarsu za ta tambaya a nan. Haƙƙinka ne a gaya maka gaskiyar asalin abin kafin ka sa hannu, kuma a ba ka lokaci ka yi shawara da iyalinka da malaminka ko fastonka.

Amsa ba ɗaya ba ce

Ka lura babu tambayar da ke da amsa guda ga kowa. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya ɗan kasuwa a birni, ɗaya makiyayi mai bin dabbobi, za su zaɓi abu daban, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Yawancin waɗanda ake tambaya yanzu suna zaune inda akwai lantarki, da na'urar da ke manne a fata tana auna sukari dare da rana, da asibiti kusa. Abin da ya dame su bai zama lalle shi ne ya dame ka ba. In wata rana aka zo neman ra'ayinku, ko aka gayyace ka shiga wani gwaji, ka faɗi naka ba kunya. Gwaji na gaskiya ba a biyan kuɗi a shiga, ana bayyana maka haɗarinsa da harshen da kake ji, kuma kana da ikon ƙi ko fita ba tare da an hana ka maganinka ba.

Ba sai jaka ta iso ba za ka fara wannan. Yau ma akwai zaɓi tsakaninka da likita: allura sau nawa a rana, da wane lokaci, yadda za a daidaita ta da lokacin noma, ko tafiya, ko azumi. In tsarin da aka ba ka bai dace da rayuwarka ba, kada ka amsa da "to" ka je gida ka bari. Ka ce, "Likita, wannan ba zan iya ba, ga dalili." Tsarin da za ka iya bi ya fi tsari mai kyau da ke kwance a takarda.

Abin da za ka riƙe yau

Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Wannan dashe ba a yinsa a asibitinmu ko asibitocin da ke kewaye da mu, ba a kuma sayar da shi a kanti ko a kasuwa.

1. Kada ka daina insulin ko kwana ɗaya idan kana da nau'i na ɗaya, ko da ba ka da lafiya ba ka iya cin abinci. A irin wannan hali ka zo a daidaita maka adadi. Amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani da numfashi da sauri alamun haɗari ne. A kawo mutum asibiti nan da nan.

2. Ka yi hankali da masu tallar ƙwayoyi, garin magani ko ruwan kwalba da sunan "ƙwayoyin halitta" masu warkar da ciwon sukari. Ƙwayar halitta mai rai ba ta rayuwa cikin gari ko kwalbar kasuwa, kuma in an haɗiye ta ciki narkar da ita yake yi. Duk wanda ya ce ka ajiye allura ka sha nasa, ranka yake wasa da shi.

3. Ka ajiye insulin a wuri mai sanyi. In babu firiji, ka sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, ka ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa. Kada rana ta taɓa shi, kada kuma ya daskare. Kwalbar da aka fara amfani da ita, a gama da ita cikin mako huɗu.

4. Kada ka fita babu sukari a aljihu. In ka ji gumi, rawar jiki, jiri ko yunwa mai tsanani, ka sha ƙwayar sukari uku ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, sannan ka ci abinci. Ka koya wa mutanen gidanku alamun. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa zuma ko sukari a dasashi, a kawo shi asibiti.

5. Ka riƙa zuwa awo, a duba maka ido, ƙoda da ƙafafu. Duk sabon maganin da zai zo, wanda ya tsare gaɓoɓinsa shi zai fi cin moriyarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida ko a taro

A cikin tambayoyi shidan nan, wacce ta fi muku nauyi, kuma don me?

Wane abu ne ya fi hana masu ciwon sukari a garinku samun insulin a kan lokaci: kuɗi, nisa, ko wurin ajiya? Me jama'a za su iya yi a kai tare?

In ɗan makaranta ko maƙwabci mai ciwon sukari ya faɗi a gabanku, wa ya san abin da za a yi?

Ku rubuta amsoshinku ko ku riƙe su a ka, ku kawo wa ma'aikatan sashen masu ciwon sukari ranar awo. Allah ya ƙara mana lafiya.